Filin Masu Mota: Ina Son Mota Mai Gayu, Amma Ina Tsoron Gidan Mai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina aiki a wani asibiti a cikin garin Kaduna. Iyayena suna Zariya, kuma da wuya mako biyu su wuce ban je na gaishe su ba. Na daɗe ina tari, yanzu na haɗa naira miliyan 8, ina so in sayi motata ta farko. Ba zan ɓoye maka ba, ina son mota mai gayu, wadda in na ajiye ta za a waiwaya, in na taka ta kuma ta amsa. Abokaina sun ce in sayi Honda Accord ɗin nan da ake kira Evil Spirit, mai fulogi shida. Wani abokin aikina ya ce babu kamar Golf GTI. Mahaifina kuwa cewa ya yi in sayi Corolla in huta. Abin da ke hana ni barci shi ne kuɗin mai, don albashi ɗaya ne, ga kuma aure na tafe. Wacce za ka zaɓa mini?
Daga wani ma'aikacin lafiya, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka a abin da ka tara, ya sa ka shiga motar nan lafiya ka fita lafiya. Na ji daɗi da ka fito fili ka ce kana son gayu. Babu laifi a ciki. Wanda ya yi shekaru yana matse bakin aljihu ya cancanci ya sayi abin da ransa ke so, kuma na sha ganin matasa sun sayi motar da ba sa so saboda kunyar manya, kafin shekara ta zagayo sun rabu da ita da asara. Don haka ba zan ce ka danne abin da ke ranka ba. Abin da zan yi shi ne in nuna maka inda ake samun kyan ganin da amsawar, kuma albashinka ya tsira.

Zaɓina shi ne Honda Civic ƙirar 2010 ko 2011, in ba ta samu ba ta 2009, mai fulogi huɗu, inji lita 1.8. Ita ce wadda dillalai ke kira I-Robot. Zan faɗa maka dalili, zan kuma faɗa maka aibunta, don tana da su.

Mu fara da shawarar abokanka. Accord ta 2008 zuwa 2012 mota ce mai kwarjini, wannan ba musu. Mai fulogi shidan tana da inji lita 3.5 da ƙarfin doki sama da 260, in ka taka ta sai bayanka ya manne da kujera. Amma ka tambayi kanka me ya sa a yau ake samunta da araha fiye da girmanta. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haye naira 1,000 a garuruwa da yawa. Daga nan masu manyan injina suka fara neman kai da su. Arahar da kake gani, wanda ya sayar ya riga ya ɗanɗana abin da ke bayanta.

Ga lissafin. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana fitar da ma'aunin shan man motocin da ake sayarwa a can. A ma'auninta, Civic ɗin da nake magana tana yin wajen kilomita 10 da rabi da lita ɗaya a cikin gari, kilomita 15 a babbar hanya. Accord mai fulogi shida tana yin wajen kilomita 8 a gari, 12 a hanya. Wannan fa sabuwar mota ce a kan titinsu mai santsi. A nan, da cunkoson Kawo da esi a kunne tun safe, kowacce za ta sauko ƙasa da haka, kuma babbar ce za ta fi saukowa, don injin da ke tsaye yana aiki gwargwadon girmansa yake sha. Ko da mun tsaya a kan ma'aunin nasu, in kana yin kilomita 1,000 a wata a cikin gari, Civic za ta sha lita 95, Accord ta sha kusan 125. Tsakaninsu lita 30 kowane wata, lita 360 a shekara. Ninka wannan da farashin da ka sayi mai jiya, sai ka ajiye amsar kusa da lissafin kayan lefe.

Ba man kaɗai ba ne. Injin nan mai fulogi shida da bel yake aiki, ba da sarƙa ba, kuma bel ɗin yana da wa'adi. In ya tsinke mota na tafe, bawul sun tafi. Yana kuma da wata dabara ta kashe wasu silinda idan ana tafiya a hankali don rage shan mai, kuma wannan dabarar ta jawo ƙorafin shan baƙin mai da lalacewar fulogi har aka kai kamfanin kotu a Amurka. Ƙafar gaban Accord kuwa, duk wanda ya daɗe a kan titunanmu ya ga yadda take zama a tsakiyar hanya taya ta karkace idan aka yi sakaci da bol-joyin. Motar mai gidan kansa ce da ke da wata a ajiye. Ba motar farko ba ce ga mai albashi ɗaya.

Golf GTI kuma, abokin aikinka ya san mota. A cikin duk waɗanda ka lissafa ita ta fi daɗin tuƙi: inji lita 2 mai turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, ƙarfin doki 200, jiki ƙarami, tana shan kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Sai dai an ƙera ta ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuma gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, wani lokacin ma ba mai kyau ba. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata wa mutane injina. Giyarta ta otomatik, wadda ake kira DSG, tana da nata man na musamman da ake sauyawa duk kilomita 60,000, tana kuma da ƙwaƙwalwar lantarki wadda in ta lalace kuɗinta ya isa ya sayi babur. Kada yawan Golf 3 da ke jigila a tashoshinmu ya ruɗe ka, ka ɗauka kowane bakaniken Golf zai iya da ita. Suna ne kawai ya haɗa su. Ranar da ka sami hali ka sami bakanikenta, saye ta. Yau ba ranar ba ce.

To me ya sa Civic? Abin da matasa da yawa ba su lura da shi ba shi ne, jin daɗin tuƙi ya fi dogara ga rashin nauyin mota da yadda ƙafafunta ke riƙe titi, fiye da girman inji. Civic tana da ƙarfin doki 140 kacal, amma nauyinta wajen kilo 1,250 ne, alhali Accord ɗin ta haye 1,600. Sitiyarinta ƙarami ne, kana juya shi tana bi. Ƙafafunta na baya kowacce aikinta take yi ita kaɗai, saɓanin Corolla da ƙarfe ɗaya ya haɗa su, shi ya sa in ka shiga kwana da ɗan gudu za ka ji ta zauna daram. Giyarta ta otomatik hawa biyar ce, ta Corolla ta wannan zamanin huɗu, don haka a hanyar Zariya injinta ba ya ihu. Ga gilashin gaba a kwance, ga dashbod hawa biyu da ke nuna gudu da lambobi a sama. Motar da ta fito tun 2006 da wannan siffar, har yau in an wanke ta an goge ba ta jin kunyar tsayawa kusa da sababbi. Injinta da sarƙa yake aiki, tankinta lita 50 ne, kayan gyaranta kuma suna nan jibge a Panteka da ke kusa da kai, da Ƙofar Ruwa a Kano.

Kada ka bari a ja ka zuwa ga wadda aka rubuta wa Si a baya. Wannan inji lita 2 gare ta, ƙarfin doki 197, manuwal ce kawai mai hawa shida, kuma ita ma fetur mai daraja take so. Mota ce mai kyau, amma ta fita daga lissafinmu na tattali.

Yanzu aibun. Na farko kuma mafi girma: ƙirar 2006 zuwa 2008, da farkon 2009, an samu da yawa da bulon injinsu ya tsage, ruwan lagireto ya riƙa zuba har inji ya yi zafi ya lalace. Kamfanin da kansa ya amsa, ya tsawaita garantin injin zuwa shekara goma a Amurka. Wannan ne ya sa na ce 2010 ko 2011. In kuɗinka ya tsaya a kan ta baya, sai bakanike ya haska gaban bulon da tocila ya nemi alamar busasshen ruwa ko liƙi. In ka ga an shafa gam a jikin bulo, yi sallama ka tafi, ko nawa aka rage maka. Na biyu, ƙirar farko-farkon tana cinye tayoyin baya ta gefen ciki; shafa hannunka a cikin tayar, in ka ji tudu da kwari ka san akwai aiki. Na uku, kujerar injin ta ɓangaren dama tana saurin mutuwa, alamarta ita ce mota ta riƙa karkarwa idan ka sa giya kana kan birki. Wannan gyara ne mai sauƙi, abin neman ragi ne kawai. Na huɗu, kuma wannan ba shi da magani, Civic a ƙasa take. In layin gidanku zaizayar ruwa ta cinye shi, ko kuna da tuddan rage gudu irin waɗanda 'yan unguwa ke ginawa da siminti kamar katanga, cikinta zai sha duka. Kai ka san hanyar gidanku. Ka auna wannan da gaske kafin ka biya.

Game da maganar Baba, ka faɗa masa cikin ladabi cewa ni ma na yarda bai yi kuskure ba. Corolla ta 2009 zuwa 2013 shan manta kusan ɗaya ne da na Civic, ta fi ta jure wulaƙanci, kuma ranar da buƙata ta taso ka kai ta kasuwa, kafin la'asar an saye. Abin da ya hana in sa ta a gaba abu biyu ne. Saboda kowa na sonta, kuɗin da zai ba ka Civic mai tsabta zai ba ka Corolla da ta fi ta tsufa ko ta fi ta shan wahala. Sannan tuƙinta lami ne. Tana kai ka tana dawo da kai, amma abin da kake nema ba ya cikinta. In ka ga ran Baba ba zai kwanta ba sai da Toyota, nemi Corolla S, ka karanta amsar da na ba Malama a ƙasa. Albarkar iyaye ta fi giya hawa biyar.

Akwai ta uku da ba ka ambata ba, kuma ya kamata ka gwada ta kafin ka yanke: Mazda 3 ta 2010 zuwa 2013. A wajen riƙe titi ko Civic ba ta fi ta ba, kuma da yake mutanenmu ba su cika rububinta ba, kuɗinta da sauƙi. Mai inji lita 2 za ka nema, ba mai 2.5 ba. Daga 2012 sun fito da injin da suke kira Skyactiv, mai giya hawa shida, wanda a ma'aunin Amurka ya kai kilomita 17 da lita ɗaya a babbar hanya. Matsalarta, kayanta ba su kai na Honda yawa a Arewa ba, wani abin sai an aiko daga Ladipo a Legas, dashbod ɗin wasu yana narkewa ya yi danƙo a rana, kuma ranar sayarwa za ka jira mai saye. In kana da bakaniken da ya santa, ba ni da ja. Ford Focus ta 2012 zuwa 2016 mai otomatik kuwa, komai kyanta da arahar da za a yi maka, kyan ɗan maciji ne. Giyarta ta jawo wa kamfanin shari'o'i a ƙasashe da dama.

Abin da ya rage ya fi duk sunayen nan muhimmanci a wurina. Farashin mota yana bin dala, amma da kuɗin hannunka kana tsakanin 'yar Beljiyom mai ɗan shekaru da ta hannu mai tsabta. Kada ka raina ta hannu. Motar ma'aikaci ɗaya da ya riƙe ta da kyau, yana yi mata juye a kan lokaci, ta fi wadda aka sayo a gwanjon motocin hatsari a Amurka aka miƙe ta aka fesa mata fenti a Legas. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka sa a bincika ta a intanet, sau da yawa har hoton motar ranar da aka yi gwanjonta za ka gani. Ɗaga kafet ka sansana, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera. Tsatsa da warin rima a nan alamar motar da ambaliya ta cinye ce, kuma irin wannan wayoyinta ba sa daina ciwo. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita sai ka iso, don injin da ya kwana shi ke faɗin gaskiya. A sa mata kwamfuta. Idan ka murɗa makulli, wutar inji da ta jakar iska su kunnu sannan su mutu. In ba su kunnu ba sam, an cire ƙwan ne don a ɓoye wani abu. Takardun kwastam kuma ka kai ofishinsu a tantance kafin kuɗi su bar hannunka. A watan Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma masu takardun bogi suna nan da yawa. A kan hanyar Zariyan nan da za ka riƙa bi ake karɓe su.

Kada ka kashe miliyan takwas ɗin duka a wurin dillali. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma, ka ɗauka ba naka ba ne. Da shi za ka sauya baƙin mai da man giya da fulogi da matatar iska, ka sayi tayoyi in nata sun tsufa, ka yi rajista da inshora.

Sai roƙona a gare ka, tun da ka kira ni Malam. A asibiti kake aiki, ka fi ni sanin abin da ake kawowa daga hanyar Kaduna zuwa Zariya. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ga ƙaramar mota a babbar hanya irin wannan kilomita 100 ce a awa, kuma a nan Civic tana tattalin mai. Daga 120 zuwa sama iska ce kake saya wa fetur. Amsawar motar ka more ta wajen tashi da shan kwana da wuce tirela cikin natsuwa. Iyayen da kake zuwa gaisarwa ganinka suke so.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Kano. Na ga Corolla S ta 2010 ta shiga raina, amma maigidana ya ce duk motar da aka sa wa S injin gudu gare ta, za ta fi LE shan mai. Haka ne?
Daga wata malama, Kano.

Amsa: Malama, a gaishe da maigida, amma a wannan karon ki kwantar masa da hankali. Daga 2009 zuwa 2013, Corolla S da LE inji ɗaya gare su, lita 1.8, ƙarfin doki 132. Abin da S ta ɗara da shi ado ne: siket a gefe da gaba, ɗan fiffike a kan but, fitilun hazo, da kujeru da sitiyari masu ɗan bambanci. Shan mansu ɗaya. Wadda maigida yake tsoro ita ce XRS ta 2009 da 2010, mai inji lita 2.4 irin na Camry; wannan kam tana sha, kuma injin ya yi suna wajen shan baƙin mai.

Ki kula da abu biyu. Da yake S ta fi tsada, akwai masu sayen kayan adon a kasuwa su liƙa wa LE su sayar da kuɗin S. Lambar shasi za ta tona asirin. Sannan siket ɗin gaba yana gogar ƙasa, sai ki riƙa hawa tudu a karkace a hankali. Ki sa bakanike ya duba famfon ruwa, don na 2009 da 2010 yana yawan yoyo. In kuma daga baya kuka haura zuwa ƙirar 2014, ki sani S ɗinta mai otomatik wata irin giya gare ta da ake kira CVT, mai nata man daban. Duk wanda ya zuba mata jan man giya na gama-gari ya kashe ta.

Tambaya: Alhaji, ina gaisuwa daga Maraɗi. Motocin da ke zo mana yawanci na Turai ne, manuwal. Yara suna ce mini manuwal ta tsofaffi ce. Ina son ƙaramar mota mai kuzari da ba ta shan mai. In nemi otomatik ko in tsaya a kan manuwal?
Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi.

Amsa: Ina amsawa Alhaji, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Ka tsaya a kan manuwal, kuma ka faɗa wa yaran cewa a Turai masu son tuƙi don daɗinsa ita suke nema. A ƙananan motoci masu shekaru, irin waɗanda otomatik ɗinsu hawa huɗu ce, manuwal ta fi tattalin mai, ta kuma fi kuzari, don ƙaramin inji ba shi da ƙarfin da zai yi asararsa a cikin giya. Kai ne kake zaɓar lokacin da za ta ja. In batir ya mutu a ƙauye a tura ta tashi, in kuloci ya ƙare kuɗinsa bai kama ƙafar gyaran otomatik ba.

Abin da zan nuna maka shi ne Corolla mai gajeren baya ta Turai, ƙirar 2002 zuwa 2007, mai inji lita 1.6. Tana da kyan tsayuwa, tana da ƙarfi daidai, kuma kayanta ba sa wuya daga nan har Katsina da Kano. In cikin gari ne yawan zirga-zirgarka, Yaris mai lita 1.3 ta fi ta tattali, sai dai da mutum huɗu da esi za ka ji ta yi sanyi. Akwai Corolla T Sport mai ƙarfin doki kusan 190, wadda aka yi injinta tare da Yamaha. Ƙarfin nata ba ya fitowa sai an kai allura can sama, a nan kuma tattali ya ƙare. Motar Turai ka leƙa ƙarƙashinta da kyau, don gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe.

Tambaya: Malam, na sayi Civic ta 2008 wata shida da suka wuce. Na sa mata manyan rim masu inci 18, an cire mini indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, an sa salansa mai ƙara. Bakanikena ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce zafin Sakkwato ya fi ƙarfinta. Yanzu shan manta ya fi na Camry ɗin yayana. Ko injin ne ya mutu?
Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

Amsa: Ɗana, da wuya injin ne. Duk abin da ka lissafa, kowanne yana da rabonsa a cikin tankinka, kuma abin yana ɓata mini rai, don kullum sai an kawo mini lafiyayyar mota da aka yi wa irin wannan aikin da sunan gyara.

Fara da tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, don shi ne babba. An ƙera injin nan ya yi aiki da zafin da ya kusa digiri 90. Kafin ya kai nan, ƙwaƙwalwar motar tana ɗauka yanzu aka tayar da ita, sai ta riƙa ƙara mai. Da aka cire tamostat aka bar fanka tana juyawa ba tsayawa, injin ya daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safe da lokacin hunturu, ƙwaƙwalwar kuma ta ci gaba da zuba mai. Motocin nan suna yawo a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu. In mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko famfon ruwa, ko an daɗe ana zuba mata ruwan rijiya maimakon ruwan lagireto na gaske. A taka motar kuma, da yake ta 2008 ce, ka tabbata an duba bulon injin kamar yadda na faɗa wa ɗan'uwanka na Kaduna, kada a ce yoyo ne ake rufewa da fanka. A mayar da tamostat, a mayar da fanka kan layinta.

Indomin da aka cire, akwai sensa a gabansa da bayansa masu shinshinar hayaƙi. Ta gaban ita ke gaya wa ƙwaƙwalwa yawan man da za ta bayar, kuma wajen yanka da walda sau da yawa ake lalata ta ko a bar iska na shiga kusa da ita. Ƙarar da kake ji ba ta ƙara maka ko doki ɗaya da za ka ji a ƙafarka ba, sai dai tana sa ka ƙara taka mota don ka ji ta. Ka kuma sani masu cirewar sayar da shi suke yi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. A sa kwamfuta a duba sensar, a nemo maka salansar asali ta Beljiyom.

Rim mai inci 18 ya fi na asali nauyi, tayarsa ta fi faɗi, inji kuma shi ke biyan kuɗin juya su duk lokacin da ka tashi daga tsaye. Siririyar tayar ba ta da naman da zai sha rami, shi ya sa rim ke lanƙwashewa, shokazoba da bushin su mutu da wuri. Civic irin taka da inci 15 ko 16 ta fito. Nemi aloyi mai kyau na inci 16, za ta yi kyan gani kuma ta huta. Iskar taya ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kada ka bar mai faci ya ɗura mata 50. Baƙin mai kuma ka duba murfin injin, 5W-20 aka rubuta. Mai kauri irin 20W-50 da ake zuba wa kowace mota yana sa inji wahalar juyawa.

In an gama, ga yadda za ka san gaskiya ba tare da dogaro da allurar tanki ba. Cika tanki har bakin famfo ya tsaya da kansa, mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, yi harkokinka na mako guda, ka koma famfon nan ka sake cikawa. Raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. In ka samu 9 zuwa 10 a cikin gari da esi, motarka lafiya lau take. In har yanzu tana ƙasa da 7, a wanke nozul, a duba fulogi da ko birki na kamawa, sannan ka sake rubuto mini da lambobin da kwamfuta ta nuna.